Ƙullin Iri

Ranar da zan bar Zariya zuwa Ibadan domin kama aikin koyarwa, mahaifina bai yi mini doguwar nasiha ba. Ya raka ni har bakin hanya, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wani ɗan ƙullin tsumma, ya danƙa mini. Na matsa na ji ƙwayoyi ne masu tauri a ciki.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Irin kuɓewar gidanmu ne. An ce can ƙasar ruwa ce. In ka sami ko da taku biyu ne na ƙasa, ka jefa shi."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, amma a zuciyata dariya nake yi. A lokacin ban daɗe da karɓo digirina na fannin koyarwa daga Jami'ar Ahmadu Bello ba, kuma in za a faɗi gaskiya, gudun lambu yana cikin abubuwan da suka sa na dage da karatu.

Mahaifina manomin rani ne. Lambunsa yana cikin fadama, a gefen kogin Galma. Da zarar damina ta ɗauke, an gama aikin kaka, sai ya shiga gyaran ƙasa. Yakan yanka ta fangali-fangali, wato ƙananan murabba'ai masu ɗan zurfi da aka kewaye da ƙasa domin su riƙe ruwa. A bakin kogin kuma akwai jigo. Jigo dogon itace ne da ake ɗorawa a kan wani itacen, a ɗaura guga a kai guda, a manna curin laka mai nauyi a ɗaya kan. Nauyin lakar shi ke taimaka wa mai ban ruwa ɗago gugan. Baba yana jan jigo, ni kuma ina bin ruwan da 'yar fartanya, ina buɗe wa wannan fangali ina toshe wancan. Aikin asuba ne, a tsakiyar hunturu, kafin a tafi makaranta. Har yau in na tuna sanyin ruwan nan a kan fason ƙafata, sai tsigar jikina ta tashi.

Saboda haka da na isa Ibadan, ko Badun kamar yadda Hausawan unguwar Sabo suke kiranta, sai na jefa ƙullin a ƙasan akwati. Shekara uku yana nan. A shekara ta huɗu Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bayan na dawo daga zaman makoki, wata rana ina neman wata takarda, hannuna ya taɓo tsumman. Na kwance shi a kan tabarma na ƙirga: ƙwaya 43. Na daɗe a zaune ina kallonsu. Ko ba a faɗa mini ba, na san iri ba ya jiran mutum har abada. Kowace shekara wasu daga ciki suna mutuwa a ɓoye, ba tare da kamanninsu sun sauya ba.

Gidan da muke haya na wata dattijuwa ce Bayarabiya, wadda kowa ke kira Mama. Ta yi shekara 20 tana sayar da atamfa a Sabon Garin Kano, don haka Hausa a bakinta kamar jakar Kano. A bayan gidan akwai ɗan fili, tsawonsa taku 12, faɗinsa taku 7, wanda ya zama juji. Na roƙe ta, ta ce in yi abin da na ga dama da shi. Na kwashe leda da fasassun kwalabe, na sassabe ciyawa. Ana cikin watan Yuni, lokacin da ake shuka kuɓewa a garinmu. Na yanka fangali huɗu masu kyau, irin waɗanda Baba zai gani ya gyaɗa kai.

Mama ta leƙo ta taga ta daɗe tana kallona, sa'an nan ta ce, "Malam, kifi za ka kiwata?"

Na ce, "A'a, Mama, haka muke yi a gida."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta rufe tagarta.

Kwana biyu da shuka aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye na tarar da tafkuna huɗu a bayan gida. Kafin su tsotse wani ruwan ya sake sauka. Yawancin irin ya ruɓe a cikin ƙasa. 'Yan ƙalilan da suka tsiro kuwa, dodon koɗi ya bi dare ya cinye su tun suna ganye biyu. Cikin mako biyu na yi asarar ƙwaya 32. Sauran 11 ɗin ma ba dabara ce ta sa na rage su ba, wuri ne ya ƙare.

Kuskuren a fili yake, amma sai da na yi shi na gan shi. Manomin rani a Arewa, duk hikimarsa ta tattaru ne a kan yadda zai tsare ruwa kada ya gudu. Mai lambun damina a Kudu kuwa, damuwarsa yadda zai sallami ruwa kada ya kwana a gindin shuka. Baba da kansa ba ya yanka fangali da damina. Ni ne na ɗauko aikin Disamba na Zariya na kawo shi Yunin Ibadan, don shi kaɗai hannuna ya haddace. Da yamma na je na gaishe da Mama, na zauna a ƙasa kusa da kujerarta, na ce ta koya mini. Ba abu ne mai sauƙi ba ga mutumin da ya saba tsayawa gaban allo, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abu na farko da ta sa ni shi ne na cike ramukan, na tayar da kunya mai tudu, tsayinta kamar kamu ɗaya, da hanyar ruwa a tsakani. Na biyu, ta ce in dakata. Wannan ya fi yi mini wuya. A ƙasar Hausa damina guda ce: ta fara wajen Mayu ko Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda ya makara ya makara ke nan sai baɗi. A Ibadan kuwa ruwa yana farawa tun Maris ko Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, sa'an nan ya ɗan huta a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Watan da muke kira marka, lokacin da ake wuni ana yayyafi har tufafi su ƙi bushewa, shi ne a nan watan da sama take lumshe amma ruwa ya yi ƙaranci. Mama ta ce in bari sai ƙarshen wannan hutun, domin shukar ta tashi da ruwan baya, 'ya'yanta kuma su bushe da iskar hunturu.

A makon ƙarshe na Agusta na jiƙa ƙwayoyin nan 11 a kofi suka kwana. Da safe uku suna yawo a saman ruwa, alamar babu komai a cikinsu. Na shuka takwas, kowace a raminta, zurfin gaɓar yatsa. Biyar suka tsiro. Na kewaye kowace da toka, kuma kullum bayan sallar isha'i sai in fita da tocila ina tsince dodon koɗi. Jikokin Mama suka mayar da abin wasa, suna bina da bokiti, domin abin da nake gani abokin gaba, a wurinsu nama ne. Duk da haka ɗaya ta mutu, wata tsutsa ta datse ta daga gindi. Huɗu suka rayu.

Furen kuɓewa yana da kyau ƙwarai, ruwan ɗorawa mai haske da ja mai duhu a tsakiya, amma kwanansa ɗaya tak. Ya buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. Ranar da na ga na farko, a farkon Oktoba, na makara zuwa makaranta. Bayan 'yan kwanaki sai ga 'ya'yan: gajeru, masu kauri, da ɗan ja-ja a jiki, daidai yadda na san su a kwandon Inna. Uwargida ta zo da wuƙa da ɗan kwano. Na ce ta yi haƙuri, bana ba za a ci ko ɗaya ba. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai kuɓewa a bayan ɗaki yana sayen kuɓewa a kasuwa ba. Na bar su suka ƙosa, suka yi tauri, suka bushe a jikin uwarsu har suka fara tsagewa. A Disamba na fasa su a kan faifai. Abin da ya fito ya cika kwalbar magani har wuya.

Daga wannan shekara lambun ya zama wani ɓangare na gidanmu, kuma sannu a hankali na koyi kalandarsa. Janairu da Fabrairu su ne watannin wahala. Rijiyar gidan takan ja baya, don haka ba a zubar da ruwan wankin shinkafa ko na alwala, duk a bokiti ake tarawa a kai wa shuka da yamma. Nakan rufe kunyoyin da busasshen ganye don kada rana ta shanye danshin. A wannan lokaci ne kuma nake haɗa taki. Akwai rami a kusurwa inda muke zuba ɓawon doya da na ayaba da sharar tsakar gida da kashin kaji. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙona shuka. Sai ya yi wata biyu ko uku a rami, ya yi baƙi, warinsa ya tafi.

Ruwan farko na Maris mayaudari ne. Yakan zo da iska da tsawa, ƙasa ta yi ƙamshi, mutum ya ji kamar ya fita da iri a daren. Bayansa kuma sai a yi mako biyu ana zafi kamar bazarar Sakkwato. Dokar Mama ita ce a jira ruwa mai ƙarfi na uku, sa'an nan a tona ƙasa da hannu. In danshi ya kai tsawon tafin hannu, to, a yi shuka. Daga Afrilu zuwa Yuli kuwa lambu ba ya bukatar roƙo. Alayyafo shi ne mai saurin biyan bashi: irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an gauraya shi da yashi kafin a yafa, amma cikin mako uku zuwa huɗu an fara ci. Lalo yana da taurin kai. In aka yafa irinsa haka nan, kaɗan ne zai fito. Mama ta nuna mini yadda ake ƙulle shi a tsumma, a tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, a shanya ya sha iska, sa'an nan a yafa. Zogale kuwa reshe kawai na karyo a Sabo na soka a jikin shinge, ya kama. Babban aikin waɗannan watanni cirar ciyawa ne. Wanda ya yi tafiyar mako biyu a watan Yuni, in ya dawo sai ya nemi lambunsa da adda.

Ugu ban san shi ba sai a nan. Wata malama 'yar Inugu da muke koyarwa tare ita ta kawo mini ƙwaya biyar, kowace ta kusa girman goro. Yaɗo yake yi, don haka sai an kafa masa rumfa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne Hausa ba ta wahalar da kanta wajen nema masa suna ba. A kasuwannin Kano da Kaduna ma ugu ake ce masa, kamar yadda Ibo suke faɗa.

Ba kowane abu ne ya karɓe ni ba. Albasa na gwada ta sau uku, ganye take yi mai kyau amma ba ta yin kai, sai na haƙura. Albasa 'yar rani ce, tana son sanyin hunturu da busasshiyar iska, shi ya sa ta yi suna a wurare irin su Aliero ta Jihar Kabi, daga can kuma a yo lodinta zuwa kasuwannin Kudu. Tumatir ma ya ba ni kunya. Na dasa shi a Mayu, ya tashi kore shar, ya fara fure, sai wata rana na dawo daga makaranta na tarar ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi, alhali ƙasa a jiƙe take. Malamin aikin gona na makarantarmu ya ce in kawo masa kara ɗaya. Ya yanke shi ya rataya a cikin kofin gilashi mai ruwa. Ba a jima ba wani farin abu kamar zaren madara ya fara zuba daga bakin yankan. Ya ce ƙwayar cuta ce da ke zaune a cikin ƙasa, tana toshe hanyar da ruwa ke bi a jikin shuka, kuma zafi da danshi ne abincinta. Ya ce kada in sake sa tumatir ko barkono ko gauta a wannan kunyar sai bayan wasu shekaru, domin duk dangi ɗaya ne. Tun daga nan sai a Oktoba nake renon tumatir, in dasa shi a Nuwamba, in yi ta ban ruwa da hannu kamar yadda Baba yake yi. A shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina har farashinsa ya gagari talaka, nawa ya riga ya ƙare tun Maris. Abin da ya cece mu shi ne ɗan wanda uwargida ta yanka ta shanya, wanda a da nake yi mata tsiya a kansa.

Wajen itatuwa, gwanda ce ta fara koya mini haƙuri. Ta farko da na shuka ta yi tsawo ta wuce katanga, ta yi ta zuba fure a kan dogayen silla, ba ta ba da ko ɗa ɗaya ba. Ashe namiji ne. Gwanda tana da mace da namiji, kuma ba a gane su sai sun yi fure. Yanzu uku nake sawa a rami guda, in sun nuna kansu in sare mazan in bar ɗaya kawai saboda barbara. Kafin shekara ta zagayo an fara ci. Ayaba da agade suna bayan makewayi inda ruwa ke bi, ba ruwansu da kowa. Mangwaro kuwa na ƙi dasawa. Na ce wa Mama ɗan haya ba ya dasa itacen da zai yi shekaru kafin ya haihu. Ta ce, "Mangwaron da ka sha kana yaro, kai ka dasa shi?" Ban sami amsa ba. Wurin ya yi wa mangwaro kaɗan, sai muka shirya a kan lemun tsami. Ita ta riƙe dashen, ni na mayar da ƙasa.

Akwai wani amfani da lambun ya yi mini wanda ban zata ba. 'Ya'yana a nan aka haife su. Wata rana na aiki babbar ta tsinko lalo, ta tsaya tana kallona. Da na nuna mata sai ta ce, "Au, ewedu!" Abin ya sosa mini rai: ina koya wa 'ya'yan wasu Hausa, tawa 'yar ba ta san lalo ba. Na yanko kwali na rubuta sunan kowace shuka na kafa a gindinta. Daga baya na fara kai ganyayen aji. In na ɗaga shuwaka, Yarabawan ajin su ce ewuro, Ibo su ce onugbu. In na ɗaga kuɓewa, waɗannan su ce ila, waɗancan su ce okwuru. Yakuwa kuwa, da yawa ba su san cewa ganyen da muke miyar taushe da fate da shi, da jan zoɓon da suke sha da sanyi, dangin juna ne na kusa ba. Na lura kalmar da ɗalibi ya taɓa da hannunsa, ya shinshina, ba ta cika ɓace masa ranar jarrabawa ba. Kai ma mai karatu, in ka shiga kasuwa gobe, gwada tambayar mai kayan miya da Hausa. Za ka ga yadda fuskarsa za ta sake, wataƙila har ka sami gyara.

Shekara shida bayan rasuwar Baba na je gida hutun ƙarshen shekara. Lambun yana hannun Yaya. Jigo ya daɗe da tafiya, injin ban ruwa ne ke ta ƙara a bakin kogi, kuma ban yi kewar jigon ba ko kaɗan. Irin da yake shukawa duk na kamfani ne, na cikin 'yar leda mai hoto, domin shi ne ke saurin nuna kuma shi 'yan kasuwa ke so. Ban ga laifinsa ba, mai iyali ne. Amma da dare muna cin tuwo sai Inna ta ce ita dai tun da Malam ya tafi ba ta ƙara shan miyar kuɓewa mai yauƙin ta da ba. Na tambayi Yaya ina irin gidan. Ya ce wata shekara gara ta shiga ɗakin ajiya, daga nan bai ƙara ganinsa ba, maƙwabta ma duk sun koma na leda.

Na tashi na buɗe jakata. Na zo da kwalba guda, da ƙullin busasshiyar kuɓewa da uwargida ta daka. Na miƙa wa Inna. Ta zuba ƙwayoyin a tafin hannunta, ta matsa kusa da fitila, ta jujjuya su da yatsa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce, "Ashe tana nan." Ta ƙulle su a bakin zanenta.

Bara Mama ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Gidan ya koma hannun babban ɗanta, mutumin kirki, wanda ke zaune a Legas. Watan jiya ya zo ya same ni, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi: yana so ya gina shaguna uku a filin baya, kuma yana so a fara kafin ruwa ya zauna. Na ce masa filinsa ne, kuma shekarun da na ci a cikinsa kyauta ce. Tun daga ranar nake tara buhunan shinkafa. Nakan huda su a gindi, in cika su da ƙasar kunyoyin nan da takin ramin, in jera su a gefen baranda inda rana ke samu da safe. Alayyafo da barkono da kuɓewa duk suna yi a buhu, in dai ba a bar su da ƙishi ba. Irin bana na raba shi kwalba uku, kowace da ɗan toka a ciki da murfi mai ƙarfi saboda danshi: ɗaya ta Inna, ɗaya ta lambun makaranta, ɗaya kuma babbar 'yata ta ce ita za ta ajiye, ta rubuta "kuɓewa" a jiki da ƙugiyar ɓ ɗinta daidai.

Lemun tsamin ne ba zai shiga buhu ba. Shekaranjiya magini ya zo da igiyar awo, na nuna masa itacen, na ce mai gidan ce ta dasa shi da hannunta. Ya auna daga katanga zuwa gindinsa, ya sake aunawa, ya ce in aka rage shago na uku da taku biyu zai tsira, amma sai ya yi magana da Legas tukuna.